Musayar waƙa: Lakcara a aji daban, a gida daban

Maman Hanifa, Unguwar Rimi: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da malaman manyan makarantu nake, kuma da ɗayansu nake kwana nake tashi.

A aji da fara'a ake sanin lakcara,
Ya dawo gida fuska ta ƙi gyara.
Ɗalibi ya ɓata masa rai da hantsi,
Ni da 'ya'yana muke biyan tara.
Digiri uku ga su a bango rataye,
Na haƙuri ko aji ɗaya bai fara.

Dakta na Tudun Wada: Hajiya, a yi mana adalci.

Kin faɗi rabi, bari in kawo saura,
Aji ya cika har an rasa kujera.
Wata takwas ASUU tana yajin aiki,
A 2022, wa ya ƙirga asara?
Na shigo gida ina neman inuwa,
Lissafin cefane ne aka fara.

Ɗan Rigasa: Dakta ka gama magana! Allah ya ƙara basira. Yau mata sun haɗu da daidai su.

Anti Bilki: Ya gama me? Kai da ko lefe ba ka haɗa ba, wa ya sa da kai?

Malam Mai Aruli: Ku dakata. Dakta, ɗangon da ka cusa shekara a ciki ya karye. Furta shi da baki ka ji, 2022 kaɗai gaɓa 11 ce. Ina sauran kalmomin za su zauna?

Dakta na Tudun Wada: Malam, wanda aka riƙe wa albashi ba ya ƙirga gaɓa.

Malama Hauwa, Barnawa: Ni ma alli nake riƙewa, a kwalejin ilimi. Yayana Dakta, ka saurara.

Kai ka tashi lacca ka miƙe ƙafa,
Ni na tashi lacca murhu zan hura.
Makin na gabana, goyo na bayana,
Ban taɓa huce haushi kan yara.
Maƙwabta biyu gare ni, matakinsu ɗaya,
Albashinsu ɗaya, ba wanda aka ƙara.
Ɗaya ya kama kiwon kaji a bayan gida,
Shi da matarsa suna ta shawara.
Ɗaya yana majalisa har sha biyun dare,
Ya shigo da faɗa, a kwana ana ƙara.
Hali zanen dutse ne, yayana,
Ko an ninka albashi ba ya kankara.

Anti Bilki: Ayyiriri! Malama ta rufe taro. Ɗan Rigasa ina bakinka?

Malam Mai Aruli: "Ba ya kankara" kuma? Kankaruwa ake cewa. An yanka kalma don a samu amsa-amo. Kuma kin maimaita "ƙara" sau biyu.

Malama Hauwa, Barnawa: Ɗaya ƙari ce, ɗaya ƙarar murya ce, Malam. Kai ka kawo baiti ɗaya mu gani mana, kullum sai jan biro.

Ɗan Rigasa:

Anti Bilki ki bar zancen lefe,
Tun da aka cire tallafin mai na dakata.
Mai digiri uku ma yana kuka,
Ni mai difloma ina zan kai mata?

Malam Mai Aruli: Ga shi nan, an tashi daga "ra" an faɗa "ta" ba sallama.

Dakta na Tudun Wada: Ƙanwata Hauwa, mai kajin nan naki na san irinsa.

Mai shiru ba lallai mai haƙuri ba ne,
Wani a ciki yake ta tarawa.
Ni in na yi faɗa na zubar na wuce,
Shi hawan jini ne zai kai shi kwantawa.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi: Yanzu wuta ta dawo na ga amsoshi sun taru. Dakta, ka zubar ka wuce, to a kan wa ka zubar?

Malam Mai Aruli: Har yanzu ba wanda ya gaya mini karin da ake wannan waƙar a kai. In mutadarak ne, ni dai ban ji shi ba.

Anti Bilki: A cire Malam daga zauren nan na kwana biyu don Allah.