Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: wai har da Guardiola?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya a gidan kallo saura ƙiris a bai wa hammata iska. Wani ɗan Madrid ya ce Guardiola ba koci ba ne, ɗan gata ne kawai, ya rufe da cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wai tun da ya fara, miya mai nama ake zuba masa: Messi a Barcelona, Bayern da ba ta da abokin karawa a Jamus, sai kuɗin Larabawa a City. Ni dai na ga kamar ya ajiye maganar a inda ba gurbinta ba. Me kuka gani?

Barça Har Abada: Ka gaya masa miyar ba daga sama ta faɗo ba. A 2007 ƙaramar ƙungiyar Barcelona aka ba shi, tana rukuni na huɗu, ya haura da ita. Daga can ya taho da Busquets da Pedro. Da aka damƙa masa babbar a 2008, Ronaldinho da Deco ya fara sallama, wato miyar da ya tarar ma zubar da ita ya yi ya ɗora tasa. Wasan farko na La Liga Numancia ta ci shi 1-0, kowa na dariya. Kafin 2009 ta ƙare ya ɗaga kofi shida.

Malam Na Tudun Wada: Duk ku biyun kun kauce. Maganar nan ba ta gwaninta ba ce, ta amana ce. Wa zai tsaya da kai ranar da ba ka da shi? Haka na taso ina jin manya suna faɗinta, galibi idan attajiri ya karye gidansa ya zama kufai.

Sarkin Turai 15: Ni ne ɗan Madrid ɗin, kuma ban janye ba. Malam, da girmanka, ai ana faɗinta ga mai cika baki ma. Shekara uku ya yi a Bayern, sau uku ana cire shi a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Zakarun Turai: mu a 2014, Barcelona a 2015, Atletico a 2016. Sannan a Satumbar 2024 Rodri, ɗan wasan tsakiyar City, ya ji ciwo a gwiwa, daga baya City ta buga wasa 13 ta ci ɗaya tal. Cokali ɗaya aka ɗebe daga miyar, ba ma ƙarewa ta yi ba.

Barça Har Abada: Mutumin da ya ci kofin Turai a Wembley a 1992 ƙarƙashin Cruyff, amma a ƙarshen wasansa ya tafi Dorados ta Mekziko don ya zauna kusa da koci Lillo ya koyi aiki, shi ne bai san gayan tuwo ba?

Maman Ihsan: Ku dakata in ba ku labarin kakarmu, Allah ya jiƙanta. Tuwon sayarwa take yi a bakin tasha, tuwon dawa miyar kuka, da man shanu ga mai hali. Direbobi, 'yan kamasho, fatake, kowa Inna, Inna. Akwai wani mai babbar riga da kullum sai ya ce a ƙaro miya sau biyu, har yana cewa duk garin babu hannu irin nata. Sai farin 1973 ya zo. Shanu suka mutu, man ya ɓace, daddawa ta gagara, aka koma ruwa-ruwan kuka da gishiri, wata rana ma gaya da ɗan barkono. Mai babbar riga ko sallama bai yi ba. Layin nan ya watse, sai wani tsoho ɗan dako, kullum da magariba zai zo ya tsuguna ya cinye malmala biyu gaya, ya sha ruwa, ya yi mata addu'a. Inna ta ce to yau ta ga maci tuwo. Har ta ɗauki 'yarta, goggonmu ke nan, ta ba ɗansa.

Malam Na Tudun Wada: Kun ji ko? Amana.

Maman Ihsan: Ban gama ba Malam. Bayan biki da shekaru tsohon ya ce mata, Hajiya, ni fa ke kaɗai ce kike ba ni bashi, ina zan je? Inna ta yi ta dariya har da hawaye. Daga ranar in aka yi karin maganar a gabanta sai ta ce a dai fara duba littafin bashi.

Bagobiri: Allah ya jiƙan Inna. Wannan mai babbar rigar na san jikokinsa, yanzu haka suna can sun sauya sheƙa zuwa inda tukunya ke tafasa.

Gunner Mai Haƙuri: Namu na mazaɓarmu ma ya fi shi. Shi miyar yake shanyewa, ya sayar da tukunyar, ya dawo bayan shekara huɗu da taliya da atamfa yana tambayar ya aka ji da tuwo.

Ɗan Damagaram: A wajenmu kuwa wani na ji yana fassara ta daban, wai mai haɗama ake nufi, wanda ko miya ta ƙare ba zai cire hannu ba. In haka ne ai zagi ne ba yabo ba.

Sarkin Turai 15: To ka ga ta ƙara dacewa da shi. Firimiya huɗu a jere, bai bar wa kowa ko loma ba.

Gunner Mai Haƙuri: Kar ka tuna mini. In ana neman maci tuwo na gaskiya a zo wajen magoya bayan Arsenal, shekara nawa muka yi muna haɗiyar gaya bayan kofin Firimiya na 2004?

Bagobiri: Ni abin da ban yafe masa ba shi ne Eto'o. Ya ci masa ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a 2009, ya kai shi Inter ya karɓo Ibrahimovic, Inter ɗin kuma ta fitar da su a shekarar da ta biyo baya. Ga kuma rigimarsa da Yaya Toure.

Ɗan Kurna: Jama'a ni fa tambayata ba a amsa ba.

Maman Ihsan: Ɗan Kurna, kai dai mai gidan kallon yana binka bashi ne ko kuwa?