"Kashe Secure Boot kawai, filashin zai tashi": gardamar masu gyaran kwamfuta na Legas

Nura: Salamu alaikum manyanmu. Don Allah a taimaka min da gaggawa. Wata Hajiya mai sayar da albasa a sari a kasuwar Mile 12 ta kawo laftof, Windows 11 ne a kai. Ɓangaren C na rumbun ajiyarsa ya cika maƙil, D kuwa kusan wayam. So take a rage D a ƙara wa C. Na sa filashina na ceto, wanda na zuba wa Clonezilla mai kwafe rumbu da GParted mai yanka ɓangarori ta hanyar Ventoy, manhajar da ke tara irin waɗannan a filashi ɗaya, niyyata in ɗauki kwafin komai tukuna sannan in yanka. Ina zaɓarsa sai allo ya yi shuɗi ya rubuto "Verification failed: (0x1A) Security Violation". Sau uku ina gwadawa. Filashin ne ya lalace?

Oga Sale: Wa alaikumus salam. Babu abin da ya samu filashinka. Shiga BIOS, wurin saitin injin, kashe Secure Boot, tsaron nan da ke hana abin da injin bai yarda da shi ba tashi, in akwai Legacy, tsohuwar hanyar tashi, ka kunna. Shi ke nan. Duk faifan ceton da ya ƙi tashi a duniyar nan maganinsa ke nan. Shekarata nawa a kasuwar Computer Village, ban taɓa ganin wanda ya gagari wannan ba.

Zainab: Nura dakata! Kada ka taɓa komai sai ka duba ko akwai BitLocker, kullen da Windows ke yi wa rumbu, a kan injin.

Nura: Kai, Anti, na riga na kashe kafin saƙonki ya shigo. Filashin ya tashi kuwa, kamar yadda Oga ya ce. Amma GParted ya nuna min C da D duka an rubuta bitlocker a gabansu, wurin rage girma kuma ya ƙi dannuwa. Sai na cire filashin na sake kunnawa don in koma Windows. Yanzu ga shi yana neman wasu lambobi. Na kira Hajiya ta ce ita ba ta san wani makulli ba, ɗanta ne ya saita mata. Lissafin bashin da take bin mutane na shekara uku yana ciki. Innalillahi.

Kabiru: Nura fara neman motar Kano tun yanzu. Hajiyoyin Mile 12 ba sa wasa da littafin bashi 😂

Zainab: Kabiru bari, yaron nan hankalinsa a tashe yake. Nura, koma BIOS ka mayar da Secure Boot yadda ka same shi. In ka kunna Legacy ka kashe. Cire filashin gaba ɗaya, ka adana, ka sake kunnawa. Kada ka danna wani abu mai kama da goge makullai ko goge TPM, ko da wasa.

Nura: To.

Nura: Alhamdulillahi! Ya shiga Windows, bai nemi komai ba. Anti Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan magabata.

Oga Sale: To ai kun gani. Filashi ya tashi ko bai tashi ba? Ya tashi. Me na faɗa da ba daidai ba?

Malam Habibu: Oga, ranka ya daɗe, filashi ya tashi, amma saura ƙiris kayan kwastoma su kwanta. Bari in yi bayani don yaranmu da ke karantawa. BitLocker ba ya ajiye makullinsa a fili. Yana damƙa shi ga wani ɗan guntu a jikin allon injin mai suna TPM, da sharaɗin kada ya sake shi sai ya ga injin ya taso ta hanyar da ya saba. Halin da Secure Boot yake ciki yana daga cikin abubuwan da yake aunawa. Ka kashe shi, ma'auni ya canza, TPM ya riƙe makulli, Windows ya ce kawo lambobin nan 48 na buɗe kullen. Da Nura ya mayar da shi, ma'auni ya koma daidai, shi ya sa ya buɗe. Sa'a ya ci da bai goge komai ba a BIOS ɗin.

Abin da ya fi ba ni takaici, shuɗin allon da ya gani tun farko ba matsala ba ce. Haka Ventoy yake yi karon farko a yawancin injinan da Secure Boot ke kunne. Sai ka danna OK, ka shiga wurin shigar da makulli, ka zaɓi fayil ɗin da ke cikin filashin, ka amince, injin ya sake tashi. Daga nan zai riƙa wucewa lafiya a wannan injin, ba tare da an kashe komai ba.

Oga Sale: Malam, kai malamin makaranta ne, kana da lokacin karanta allo. Ni mutum goma ne a tsaye a kaina a titin Otigba, kowa yana cewa sauri yake. Kuma ka faɗi gaskiya, kashi nawa na injinan da ke shigowa kasuwar nan ke da BitLocker? Yawanci tokumbo ne, an goge su tun daga can, mu ne ma muke zuba musu Windows.

Malam Habibu: Wannan kam na yarda da kai. Injin da za a goge a zuba sabo, kashe abin da ka ga dama, babu asara. Tsohon inji na zamanin Windows 7 ma haka. Inda na ƙi shi ne kalmar "duk". Kai ka ce duk faifan da ya ƙi tashi.

Zainab: Kuma lissafin nan na Oga yana canzawa. Windows 11 tun fitowarsa a 2021 yake neman TPM 2.0 da UEFI, sabuwar hanyar tashi da ta gaji Legacy. Daga sigar 24H2 kuma, in aka zuba shi sabo mutum ya shiga da asusun Microsoft, sau da yawa da kansa yake kulle rumbun, ko nau'in Home ne, mai injin bai ma sani ba. Irin na Hajiyar nan ke nan. A ofishinmu na ga wanda ya rantse bai taɓa jin sunan BitLocker ba, ga shi kuwa a kunne. Legacy ɗin ma da ake cewa a kunna, sababbin injina da yawa babu shi sam.

Baba Ɗanladi: Ku yara kun cika son wahala. Ni har gobe faifan cetona na Hiren's yana cikin jaka, da tsohuwar zuma ake magani. Faifai in ka ƙona shi ka ƙona shi ke nan, babu ƙwayar cutar da za ta shiga ciki. Filashinku kuwa yau a wannan inji gobe a wancan, kamar kofin mai shayi.

Kabiru: Baba, a ina za ka zura faifan? Laftof ɗin yanzu ko ramin bai da shi.

Baba Ɗanladi: Ina da na waje mai igiya, ɗan nema.

Malam Habibu: Baba, maganarka ta farko gaskiya ce, faifan da aka ƙona ba a sake rubutu a kai, wannan kariya ce ta gaske. Amma in 15.2 ne a jakarka, na 2012 ne, ƙaramin Windows XP ne a ciki. Ba ya tashi ta UEFI, kuma bai san rumbun zamani na NVMe ba. Akwai sabon da ake kira Hiren's BootCD PE, shi kuwa ya fi ƙarfin faifan CD mai 700MB nesa ba kusa ba. Ga zafi da laimar garin nan, faifai ya kwana biyu a jaka sai ka ga ya fara tsalle a tsakiyar aiki.

Baba Ɗanladi: Injinan da ake kawo min a Agege sun girmi wasunku. Yana yi min aiki.

Malam Habibu: To a kansu ba ni da ja.

Oga Sale: Mu koma kan magana. Ku ce min duk faifan ceto yana tashi da Secure Boot a kunne? Ƙarya ne. Na sha gwada SystemRescue ya ƙi.

Zainab: Ba wanda ya ce haka, Oga. Akwai waɗanda ba su da sa hannun da injin zai yarda da shi, dole sai an kashe. Amma Clonezilla na 64-bit yana tashi, Rescuezilla ma yana tashi, shi ga GParted a cikinsa ga kuma allo mai hotuna don wanda baƙin allon Clonezilla ke ba wa tsoro. In kuma dole sai an kashe ɗin, akwai ladabinsa. Ka shiga Windows tukuna, ka buɗe cmd a matsayin admin, ka rubuta manage-bde -status. In a kulle yake, manage-bde -protectors -get C: zai fito maka da lambobin, rukuni takwas kowanne shida. Ka ɗauki hoto, ka rubuta a takarda ka ba mai injin. Sannan ka dakatar da kariyar kafin ka shiga BIOS. Duka-duka minti biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Oga Sale: In Windows ɗin ya mutu fa? Ai ba don injin lafiyayye aka yi faifan ceto ba. Wa zai ba ka cmd a injin da ya ƙi tashi?

Zainab: Wannan tambaya ce mai kyau. Nan sai asusun Microsoft na mai injin, a waya ma ana iya buɗewa a ga makullin. In na kamfani ne, sashen kwamfutarsu ke riƙe da shi. In babu ko ɗaya, to ka gaya wa kwastoma gaskiya kafin ka taɓa, don ba Clonezilla ba, babu kayan aikin da zai karanta abin da ke ciki. Abin da kawai zai iya shi ne ya kwafe rumbun ɗungurungum yadda yake a kulle. Kuma ka tanadi wuri, don abin da aka kulle ba ya matsuwa: ɓangare mai 400GB zai iya ci maka kusan 400GB ko da rabinsa fanko ne.

Malam Habibu: Tunda an zo nan bari in ƙara ɗaya, don ƙanwar wannan matsalar ce. Wani lokaci filashi zai tashi lafiya amma GParted ya ce babu rumbu a injin. A wasu laftof an saita rumbun a kan RAID ko Intel RST, Linux ɗin da ke faifan bai gan shi ba. Sai yaro ya shiga BIOS ya mayar da saitin rumbun AHCI, ya gama aiki, ya manta bai mayar ba, Windows ya faɗi da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, a ce wa kwastoma rumbunsa ya mutu. Na ga an sayar wa mutum sabon rumbu a kan haka. Duk abin da za ka canza a BIOS, ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa.

Oga Sale: Wannan na hoto na karɓa. Ni ma ina yi.

Nura: Na samu lambobin na C da na D, na rubuta. Yanzu ya zan yi da ainihin aikin? In kashe BitLocker gaba ɗaya sannan in koma GParted?

Zainab: Nawa ne a cikin D?

Nura: Wajen 11GB. Hotunan biki da wasu fayilolin Excel.

Zainab: To me ya kai ka GParted? Kwafe su zuwa rumbun waje, ka buɗe kaɗan daga ciki ka tabbatar suna buɗuwa. Sannan ka duba Disk Management na cikin Windows. In D yana manne da C ta hannun dama, goge D, ka danna Extend a kan C. Windows ba ya iya ƙara wa C sai fili yana dab da shi ta dama, shi ya sa rage D kawai ba ya wadatarwa, filin yana fitowa ne ta can bayan D. GParted zai iya tura D gaba, amma turawar nan ita ce aiki mafi haɗari, kuma sai an kwance kullen tukuna.

Oga Sale: Nan kam bakinmu ɗaya da ke. Na taɓa tura ɓangaren wani Alhaji, batirin laftof ɗin matacce, aiki ya kai rabi aka ɗauke wuta, kafin yaro ya tada janareta komai ya tafi. Kwana biyu ina fama da TestDisk da PhotoRec, manhajojin dawo da abin da ya ɓace. Hotuna sun dawo amma babu sunaye, babu jaka, dubbai a zube wuri ɗaya. Har yau in ya gan ni a masallacin Juma'a sai ya kau da kai.

Kabiru: Ashe Oga ma an taɓa ƙona rumbu, an san inda toka ke tsada 😂

Oga Sale: Kai dai ka ci gaba da cajin waya.

Malam Habibu: Nura, kafin ka goge D ka tambayi Hajiya. Mutane da yawa suna ɗauka D wani rumbu ne daban, can suke ajiye abin da suke tsoron ya ɓata, alhali gida ɗaya ne aka yi wa katanga. Kuma ka kwafi na C ɗin ma, aƙalla takardun lissafin.

Nura: Na kira ta. Ta ce a goge amma a sa mata hotunan a filashi daban, za ta biya. Ina kan kwafa.

Oga Sale: Ni dai har yanzu ina nan kan bakata. Cikin injina goma da za su zo shagona gobe, tara zan kashe musu Secure Boot kuma babu abin da zai faru.

Zainab: Na goman fa, Oga?

Oga Sale: Na goman zan turo miki Idi-Araba, ki biya kuɗin mota.

Nura: An gama. C ya koma 475GB, Windows yana tashi lafiya. Hajiya ta ce a kawo mata gobe da safe kafin motocin albasa su iso. Oga, wa zai tsare min teburi?

Oga Sale: Je ka, amma ka dawo kafin sha ɗaya. Kuma ka karɓo kuɗin filashin a hannu.