Neman shawara: yaran maƙwabciyata sun koma cin abinci a gidana, uwarsu ta ce in rufa mata asiri

Maman Uku ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ina neman shawara, musamman daga iyayenmu da suka daɗe a filin bishara a ƙasar waje.

Ni da maigidana 'yan mishan ne. Ikilisiyarmu ta aiko mu wani gari a arewacin Ingila, shi yana kiwon wata ƙaramar majami'a, ni kuma ina riƙe da makarantar Lahadi da yaranmu uku. Unguwarmu ta masu ƙaramin ƙarfi ce, gidajen haya na ƙaramar hukuma a jere. Gida na biyu daga namu akwai wata mata 'yar ƙasar, ba ta da miji, da yaranta uku: babbar mace ce mai shekara 9, sai namiji mai 6, sai autarsu da ba ta kai 3 ba.

Babbar ajinsu ɗaya da 'yata, sai ta riƙa biyo ta gida idan an tashi makaranta, daga baya ta fara zuwa da ƙannenta. Ban ɗauke shi komai ba, ɗa na kowa ne. Amma yanzu kusan kullum a nan suke cin abincin dare. Ranar da hankalina ya fara tashi, na hango babbar tana cusa yankan burodi cikin hannun rigar sanyinta tana waige-waige. Da na tambaye ta a hankali, ta ce na ƙanwarta ne na safe, don mamansu ba ta tashi da wuri. Ita ƙaramar famfas ɗinta yakan kwana ya wuni a jikinta, cinyoyinta duk sun yi ja sun feso ƙuraje. Ni nake wanke ta in shafa mata mai. Kan babbar kuwa sai da na zauna da ƙaramin mataji ina tsefe ƙwarƙwata tana gyangyaɗi a cinyata.

Uwar ba muguwa ba ce. Idan tana cikin hayyacinta takan rungume su, ta gode mini har da hawaye. Amma tana shan giya sosai, wani lokaci labulen gidan ba ya buɗuwa har la'asar. Juma'ar da ta wuce wajen ƙarfe goma na dare yarinyar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa saɓe da autar, ta ce mamansu ta fita tun yamma, kuɗin mitar wuta ya ƙare, gidan duhu ga sanyi. A falonmu suka kwana. Sai da hantsi uwar ta dawo, ta riƙe hannuna tana roƙo kada in gaya wa kowa, wai hukuma za ta ƙwace su ta raba su gida-gida.

Maigidana ya ce a kai maganar gaba. Ni zuciyata ta ƙi. Mun zo ƙasar nan da sunan ƙaunar Almasihu, sai kuma mu zama sanadin raba uwa da 'ya'yanta? Har ina tunanin in ce ta bar mini su su zauna wurina sai ta samu kanta. Ga ɗana na tsakiya kuma ya fara cewa na fi son yaran mutane a kansu. Me kuka gani?

Uwar Zumunta:

Sannu 'yata, Allah ya saka miki. Ni dai a ganina ki riƙe yaran nan, ki ci gaba da addu'a, ki janyo uwar a jiki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matar da ta yi kuka a gabanki ta ba ki amana, kada ki tona ta. Ubangiji da ya kawo su ƙofarki zai ba ki abin ciyar da su.

Anti mai aikin kula da yara, Landan:

Mama, da girmamawa, ina roƙon ki bar ni in saɓa miki, don wannan shi ne aikin da nake ci da shi a ƙasar nan.

Maman Uku, duk abin da kika yi alheri ne, kada ki daina ciyar da su. Amma abin da kika kwatanta ya wuce talauci. Yarinya 'yar shekara 9 ce take renon gida, ita ke tanadin abin karin kumallo, ita ke saɓa ƙaramar cikin dare. Daren da suka zo wurinki kin sani. Daren da kuke barci ba ku ji ƙwanƙwasa ba fa, ko daren da kuka tafi taron ikilisiya a wani gari? Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi cikin halin da zai iya cutuwa. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar kada a bar 'yan ƙasa da 16 su kwana su kaɗai, ƙananan da ba su kai shiga makaranta ba kuwa ko na ɗan lokaci.

Batun ƙwace yara, mutanenmu suna jin tsoronsa fiye da yadda abin yake. Dokar yara ta 1989 tana da sashe na 17, wanda ya ɗora wa ƙaramar hukuma taimakon yaron da ke cikin buƙata yana tare da iyalinsa, da sashe na 47, na bincike idan ana zargin cutarwa mai tsanani. Ma'aikaciya irina ba ta da ikon ɗauke yaro don ta ga dama. Sai dai uwar ta amince, ko alƙali ya ba da umarni, ko 'yan sanda su ɗauke shi cikin gaggawa, shi ma bai wuce awa 72 ba. Ba zan yi miki alkawarin yadda za ta ƙare ba, domin akwai gidajen da ake raba yara da su. Amma abin da aka saba farawa da shi shi ne a ziyarci gidan, a haɗa uwar da masu taimakon barin shaye-shaye, a duba kuɗin da take da haƙƙin karɓa, a nemo danginta.

Shi kuma tunanin riƙe su, ki sani idan yaro ɗan ƙasa da 16 zai zauna kwana 28 ko fiye wurin wanda ba iyayensa ba ne kuma ba dangi na kusa ba, wato kaka, kawu, gwaggo, yaya da makamantansu, dole ne a sanar da ƙaramar hukuma, su zo su duba gidan. An ƙara tsaurara wannan ne bayan rasuwar Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa, wadda 'yar'uwar kakanta ta kawo Landan. Ta rasu a watan Fabrairun 2000 da tabon rauni 128 a jikinta. Asibitoci sun gan ta, 'yan sanda sun gan ta, ma'aikatan jin daɗin yara sun gan ta, har majami'u an kai ta. Kowa ya ga ɗan abin da ya gani, ba wanda ya haɗa shi da na wani. Rahoton binciken ya fito a 2003, dokar yara ta 2004 ta biyo baya. Ban ce maƙwabciyarki irin waccan ba ce, ko kusa. Ina nufin wataƙila malamar ajin ta lura da barcin da yarinyar ke yi, likita ya lura an daina kai ƙaramar allurar rigakafi, ke kuma ke kaɗai kika san daren Juma'a.

Kowace makaranta tana da malamin da aka ɗora wa alhakin kare yara, ki fara da shi. Ko ki kira sashen yara na ƙaramar hukumarku, ko NSPCC, waɗanda suke karɓar bayani ko ba ki faɗi sunanki ba. Idan kuma aka sake barin su su kaɗai cikin dare, lambar gaggawa ta 999 za ki kira. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da idonki ya gani, da maganar yarinyar yadda ta faɗe ta. Kada ki yi mata tambayoyin ƙwaƙwa, kada kuma ki taɓa yi mata alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba.

Uwar Zumunta:

To, ni ban san haka dokarsu take ba. Amma har yanzu ina tausayin matar nan.

Baba Fasto mai ritaya:

'Yata, tausayin da Mama take ji daidai ne, maganar Anti ma daidai ce. Zan ƙara abu biyu ta fuskar hidima.

Ku baƙi ne, bizar ma'aikacin addini kuke zaune da ita, akwai ikilisiyar da ta tsaya muku. Ranar da wani abu ya sami ɗaya daga cikin yaran nan, aka gano fasto da matarsa sun sani sun yi shiru, ba ku kaɗai abin zai shafa ba, har sunan Ubangiji a unguwar. Majami'arku ya kamata tana da rubutaccen tsarin kare yara da wanda yake riƙe da shi, ke ma da kike koyar da yara a ce an yi miki binciken DBS, wato duba ko mutum yana da tarihin laifi kafin ya yi aiki da yara. Ku gaya wa wannan mutumin yau, ku gaya wa shugabannin mishan ɗinku. In majami'ar ba ta da tsari, akwai ƙungiyar Kirista mai suna Thirtyone:eight da take taimakon ikilisiyoyi a kan haka. Sunanta daga Karin Magana 31:8 ne, inda aka ce mu buɗe baki domin waɗanda ba su iya yi wa kansu magana. Maigidanki kuma kada ya kasance shi kaɗai da yaran a ɗaki ko a mota, wankan ƙaramar ma ki yi shi da sanin uwarta.

Mutane suna son ambaton George Müller na Bristol, wanda ya buɗe gidan hayarsa ga 'yan mata marayu 30 a 1836, kafin rasuwarsa a 1898 ya reni fiye da dubu 10 ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne komai nasa a fili yake, kowace shekara yana buga rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita. Da maƙwabtansa suka yi ƙorafin hayaniyar yara, bai ce Shaiɗan ne ba, ya saurare su, ya gina wani wuri a bayan gari suka koma a 1849.

Na biyu, kada abincinki ya zama kuɗin shiga makarantar Lahadi. In za su zo sujada, uwarsu ta yarda da bakinta a lokacin da take cikin hankalinta. In ta ƙi, ki ci gaba da zuba musu kamar jiya.

Ɗan mishan da ya girma:

Maman Uku, ni maganar ɗanki ce ta tsaya mini. A gidan mishan na tashi, ƙofarmu ba ta rufuwa. Ina alfahari da iyayena, amma na san yadda yaro yake ji idan ya dawo da damuwarsa ya tarar cinyar mamarsa da wani a kai, kuma ba shi da bakin magana, don an ce wancan ya fi shi buƙata. Yaran mishan mun iya haɗiye abu, muna ganin kamar in mun yi ƙorafi da aikin Allah muke faɗa. Ɗanki da ya iya furtawa, kada ki tsawata masa. Shi ma baƙo ne a ƙasar nan, ya bar kakanninsa da abokansa ba da zaɓinsa ba. Ki ware ranakun da gidan naku ne ku kaɗai, ko da za ki kai wa maƙwabtan nasu a kwano. Ki bar masa gadonsa da wasu kayan wasansa da ba dole ya raba ba. Kuma ki tambaye su su ukun kafin baƙi su kwana, a nan ne za su koyi bayarwa da son ransu.

Wata 'yar'uwa daga Glasgow:

Ni tsorona ɗaya. In matar ta gane ke ce, za ta hana yaran zuwa, ƙofa ɗayan da suke da ita ta rufe. Unguwa kuma ta ɗauke ku 'yan kai ƙara. Kun yi tunanin wannan?

Maman Uku:

Shi ne abin da ya hana ni barci, 'yar'uwa. Na gode muku duka. Na karanta wa maigidana, mun yi addu'a, mun yarda za mu kai maganar. Amma Anti, in ɓoye sunana ne, ko in fuskance ta? Ba na so in riƙa gaishe ta da safe da abu a cikina.

Anti mai aikin kula da yara, Landan:

Ko kin ɓoye za ta gane, ke kaɗai kika san daren nan. Tunda ba ki ga alamar duka ba, kuma ba ki jin za ta huce a kan yaran ko ta gudu da su, gara ta ji daga bakinki. In da akwai wannan tsoron, da sai in ce ki kira kawai ba tare da kin gaya mata ba. Ki same ta da rana lokacin da ba ta sha ba, yaran suna makaranta, ki tafi da wata mace daga majami'a ta jira ki a kusa. Kada ki fara da laifinta. Ki ce kin ga tana son 'ya'yanta, kin ga kayan sun yi mata nauyi, ke kuma ba za ki iya riƙe abin da ya faru ranar Juma'a ke kaɗai ba. Ki ce za ki yi magana da makaranta, kina so ku tafi tare. Uwar da ta je da ƙafarta ta nemi taimako, kallon da ake mata daban ne da wadda aka kawo rahotonta. Amma ki sa rana, kada ya wuce gobe ko jibi, in ta ƙi ki tafi ke kaɗai. Tana iya zaginki, tana iya hana su zuwa na wani lokaci, ki shirya wa hakan. Ko an yi haka, akwai waɗanda aikinsu ne su ziyarci gidan su ga firij da wurin kwanan yaran, abin da ke ba za ki iya ba.

Maman Uku:

'Yan'uwa, na same ta jiya. Ta yi fushi, ta ce in fita mata daga gida, na fita. Da daddare ta turo mini saƙo tana tambaya ƙarfe nawa ne. Yau da safe muka je makarantar tare, ta yi ta kuka a ofishin, malamar ta ce dama suna da nasu abin da suka lura da shi, kuma a yau za su miƙa maganar ga sashen yara na ƙaramar hukuma. A hanyar dawowa ba ta ce mini uffan ba, yaran ma ba su zo da yamma ba. A ofishin ta ambaci wata yayarta a wani gari da suka daɗe ba sa magana, malamar ta karɓi lambarta. Ku sa uwar cikin addu'a, da yaran, da ɗana, wanda na yi wa alkawarin Asabar ɗin nan tamu ce ni da shi.