Juwan kilas ya ƙone: a gyara ko a sauya inji?

Zancen ya taso ne a fadarmu ta hira a Yamai kan tsohuwar Corolla ta wani ɗan taksi. Ruwa na tafasa a radiyata, farin hayaƙi na fita ta salansa, man inji ya koma kamar madara. Bakaniken da ke cikinmu ya ce alamun ƙonewar juwan kilas ke nan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Yawanci sun karkata ga gyara, muddin injin bai fara ƙwanƙwasa ko shan mai ba. Amma sun ja kunne: kan injin na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi, dole a kai wa masu injin goga su auna su daidaita, su duba ko ya tsage. Ƙusoshin ma da tsari ake ɗaure su, da makullin awo, ba da ƙarfin hannu ba. Abin da ya fi kama ni shi ne maganar wani dattijon direba: sai an gano abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko, fanka ce, famfon ruwa, ko radiyata ta toshe. In ba haka ba, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 zai sake ƙona sabon.

In gangar jikin ta tsage, sai sauyi. A nan shawararsu ita ce kada a biya kuɗin injin kwance, wato wanda aka ciro daga wata mota, sai an tayar da shi an ji muryarsa, kuma mai sayarwa ya yarda da kwanakin gwaji.