Giyar roba ta firinta: za ta yanka tiredi daidai?

Mai Firinta: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a shago aka yi mini ca, ita na kawo nan. Na ce giyar roba, wato faifan inji mai haƙora, da na buga da firintar 3D a ɗakina tana yanka tiredi, wato layin da noti yake bi a jikin ƙarfe, daidai da ta ƙarfe. Mai haƙori 127 ce, na ɗaura ta a tsohon injin feƙe ƙarfe ƙirar Myford na maigidana, na yanka tiredin milimita, noti ya shiga sumul. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Baba Mai Colchester: Wa alaikumus salam. Yaro, shigar noti ba ita ce shaida ba. Noti layi biyar ko shida kawai yake kamawa, ko tiredi mai tangaɗi ne zai bi. Ka yanka mai tsawon kamu ɗaya ka auna, sannan mu yi magana. Tun kafin a haife ka nake tsaye a gaban inji, ban taɓa ganin robar bokiti ta riƙe awo ba.

Ɗan Kofar Ruwa: Ni da na ga "giyar roba" na zaci Hisbah za a kira.

Malamin Poli: Baba, Allah ya ƙara girma, ina tare da kai a kan noti, amma bari in kare yaron nan a wani gefe. Tazarar tiredi ba daga kyawun haƙori take fitowa ba, daga yawan haƙoran take fitowa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, haka aka tsayar tun 1959, kuma 127 rabin 254 ne. Shi ya sa injin Ingila mai aiki da inci yake neman wannan giyar kafin ya yanka milimita. In haƙoran sun cika 127 kuma ba su tsallake ba, to ko da itacen maɗaci aka yi ta lissafin bai canza ba.

Sai batun kuskuren firinta. Bakinta milimita 0.4 ne, a ce ta kauce da 0.2 a wani haƙori. Kewayen giyar Myford mai 127 ya kai milimita 500 da 'yan kai, doguwar sandar da ke jan wuƙa kuma layi 8 ce a inci, wato zagaye ɗaya ya matsar da wuƙa milimita 3.175. In giyar tana kan sandar, ka raba 0.2 da 500 ka ninka da 3.175, abin da ya isa bakin wuƙa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita da ɗan ɗoriya ba. Sandar injin da ta shekara hamsin tana aiki ta cinye fiye da haka.

Baba Mai Colchester: Malam, ka zaɓi babbar giya don lissafi ya yi maka daɗi. Yi mini da mai haƙori 20.

Malamin Poli: Ka kama ni, Baba. Mai 20 faɗinta inci ɗaya ne, kewayenta kusan milimita 80, don haka kuskuren ya ninka sau shida. Har yanzu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, amma na yarda ƙaramar giya ita ce wurin tsoro, musamman ta fuskar ƙarfi.

Oga na Panteka: Ku bar lissafin nan, ku zo Kaduna a watan Afrilu. Na gwada, ba labari aka ba ni ba. Wani yaro ya buga mini guda biyu da robar PLA, sati uku suna aiki lafiya lau. Ran nan muna tsaka da yanka babban tiredi a ƙarƙashin rufin kwano, ga zafin gari ya haura 40, ga zafin motar injin a gefe, sai na ga wuƙa ta tsaya, inji na juyawa. Ba haƙori ne ya karye ba. Tsagar da ki yake shiga ce ta buɗe, wato ɗan ƙarfen da ke kulle giya da shaf ɗin da take kai, shaf yana yawo a cikin giyar. Aikin mutum ya lalace, ni na biya ƙarfen.

Mai Firinta: Oga, wannan ba laifin firinta ba ne. PLA tana fara laushi ne a wajen digiri 60, bai kamata a ba ka ita ba. Robar PETG tana kaiwa wajen 80. Kuma ina kyautata zaton ba a cika cikinta ba, an bar ta kamar saƙar zuma don a rage roba. Ni nawa cike nake buga su, kuma nakan bar ramin tsakiya ƙarami, in ɗaura giyar a inji in buɗe shi daidai, in saka bushin tagulla mai tsagar ki.

Oga na Panteka: To ka ji. Ashe sai ka koma wa injin da ƙarfen kafin robarka ta zama giya.

Mai Firinta: Ban musa ba. Rami daga firinta kullum matsattse yake fitowa, layin farko kuma yakan baje kamar tafin giwa, sai an kankare. Amma aikin minti ashirin ne wannan.

Hajiya Injiniya: Sannunku da muhawara. Abu biyu ban ji an taɓa ba. Na farko, kusurwar haƙori. Giyoyin Myford na digiri 14.5 ne, yawancin zanen da ake saukewa a intanet kuma na digiri 20 ne da awon milimita. In ka haɗa su za su juya, amma da ƙara da cin juna, sai a ɗora wa roba laifi alhali zanen ne ba nasu ba. Na biyu, Baba, ƙananan injunan China da ake sayarwa yanzu da giyoyin roba suke fitowa daga kamfani. In wuƙa ta daki cak, wato abin da ke riƙe ƙarfen da ake yankawa, gara giyar roba ta zubar da haƙori da a ce sandar injin ta lanƙwashe.

Baba Mai Colchester: 'Yata, waccan robar a mazubi aka zuba ta, jiki ɗaya ce. Ta yaron nan layi ne a kan layi kamar tulin waina.

Hajiya Injiniya: Gaskiya ne, shi ya sa ake buga ta a kwance, don nauyin haƙori ya bi layin, kada ya nemi raba shi. Ni dai ba zan sa ta a cikin akwatin giyar da ke juya cak ba, ko kusa. A bayan inji, wurin canjin tiredi, zan sa.

Ɗan Kofar Ruwa: Yanzu da gaske nake. Baba, in na kawo maka kuɗi gobe, za ka yanka mini mai 127 ta ƙarfe?

Baba Mai Colchester: Nan ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. 127 ba ta rabuwa da komai, farantan na'urar raba haƙora da nake da su kuma babu mai layin rami 127. Sai an haɗa mata wasu giyoyin daban, aikin yini guda ne, in ka ɓata ƙirge sau ɗaya ka jefar. Ni giya mai haƙori 47 da mai 37 nake haɗawa a madadinta in wuce.

Malamin Poli: Wanda kuskurensa ya kai milimita 0.02 a kowane milimita 100, kuma taruwa yake yi da tsawo. Baba, robar yaron nan ta fi haɗinka daidai a dogon tiredi.

Baba Mai Colchester: A kan takarda. Yaro, ka kawo ta ranar Asabar bayan Azahar, lokacin da kwano ya yi zafi sosai. Sanda biyu za mu yanka, milimita 200 kowace, ɗaya da taka ɗaya da tawa. Malam ya zo da ma'auninsa.

Mai Firinta: In sha Allah, Baba. Sai dai wadda na gwada tana jikin Myford, kuma haƙoranta ba za su hau injinka ba. Ka turo mini hoton giya ɗaya da faɗinta da yawan haƙoranta yau, in fara bugawa da daddare in an bar mana wuta.