Tambaya kan zancen zuci, dogon jawabi da maganar gefe a wasan Macbeth

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Muna karanta wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare a ajin ƙarshe na sakandare, kuma kalmomi uku sun ɗaure mini kai: zancen zuci, dogon jawabi da maganar gefe. A dukkan ukun tauraro ɗaya ne yake magana, to yaya zan rarrabe su idan aka tsakuro mini wani yanki a jarrabawa? Ina neman taimakon malamai da waɗanda suka riga mu karanta shi.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada tsawon maganar ya ruɗe ki, ki fara duba wane ne yake kan dandamali, kuma wane ne yake jin abin da ake faɗa. Idan tauraro shi kaɗai ne, yana fito da abin da ke ransa ba wanda yake saurare sai 'yan kallo, wannan zancen zuci ne. Ki buɗe kashi na 1, fitowa ta 7, inda Macbeth ya baro wurin liyafa yana auna kisan Sarki Duncan, yana tuna wa kansa cewa sarkin ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, kuma baƙonsa ne a wannan dare. Ba zai taɓa faɗin haka a gaban jama'a ba, shi ya sa nake ganin nan ne wurin da ya fi dacewa a nemi ainihin halin tauraro.

Maganar gefe gajeriya ce galibi, kuma ana yin ta ne alhali akwai wasu a kan dandamali, sai dai an ɗauka ba su ji ba. A kashi na 1, fitowa ta 3, bayan an sanar da Macbeth sarautar Cawdor, yana ta magana da kansa ga Banquo nan kusa, har Banquo ya lura cewa hankalin abokinsa ya tafi wani wuri. Dogon jawabi kuwa wasu taurarin ake yi wa, suna tsaye suna saurare, kamar jawabin Antony a gaban mutanen Rum bayan kisan Kaisar, a wani wasan na Shakespeare mai suna Julius Caesar.

Mai Son Wasan Kwaikwayo:
Malam ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara shi ne amfanin waɗannan dabaru, domin su ne suke sa ɗan kallo ya san abin da wani tauraro bai sani ba. A kashi na 1, fitowa ta 6, Duncan ya iso ƙofar gidan Macbeth yana yaba daɗin iskar wurin, mu kuwa mun riga mun ji Uwargida Macbeth tana cewa ba zai ga wayewar gari ba, saboda haka kowace kalmar yabo da ya furta sai ta ƙara mana fargaba. Idan kika kawo wannan alaƙa a amsarki, mai duba takarda zai gane kin karanta wasan da kanki.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan wurin da Macbeth yake ganin wuƙa a gabansa, a kashi na 2, fitowa ta 1, zancen zuci ne, tunda sai da ya sallami baransa sannan ya fara magana.

Tsohon Malami:
Haka ne, 'yata, kin gane. Ki kuma lura cewa ƙarar ƙararrawar da matarsa ta kaɗa ce ta kawo ƙarshen zancen, daga nan ya nufi ɗakin Duncan.