Katin sadarwar sabarmu yana ɗaukewa, sai an kashe an kunna

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wata saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) mai Linux a shagon intanet na yayana. Katin sadarwarta, wanda ake cusawa a ramin PCIe, yakan ɗauke haka kawai. Fitilarsa tana ci, amma ba abin da ke wucewa, sai na kashe na kunna. A dmesg, inda Linux ke nuna rahotannin na'urori, na ga layukan AER (tsarin ba da rahoton kuskuren PCIe) birjik, yawancinsu Corrected, na ƙarshe kuma Fatal. Akwai dabarar da zai farfaɗo da kansa, ko in sayi wani?

Amsa ta farko: Wa alaikumussalam. Kada ka yi gaggawar kashe kuɗi, ƙanena. AER yana kasa kuskure gida uku. Corrected, na'urar ta riga ta gyara da kanta, rahoto kawai take ba ka. Non-Fatal, saƙo ɗaya ne ya lalace amma hanyar tana nan. Fatal kuwa, hanyar da ke tsakanin katin da uwar allon ce ta tsinke. A nan kernel, wato zuciyar Linux, zai kira error_detected na direban (manhajar da ke sarrafa katin) don ya dakatar da aiki, ya sake saita ramin, ya kira slot_reset, sannan resume. In wanda ya rubuta direban bai saka waɗannan ba, farfaɗowar ba za ta yiwu ba, kuma dmesg zai faɗa maka ƙarara. Duba wannan tukuna. In haka ne, gwada sabon kernel.

Amsa ta biyu: Oga, saka pci=noaer a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, rahoton AER ya daina fitowa, ka huta.

Amsa ta uku: A'a Malam, wannan ai toshe kunne ne, ciwon yana nan. Gara ya gwada pcie_aspm=off, don tsarin tsimin wuta na PCIe, wato ASPM, yana yawan jawo irin wannan. Amma ni kafin komai zan zare katin, in hure ƙurar hunturu daga ramin, in goge haƙoran zinariyar, in mayar da shi wani rami. Yawan Corrected ɗin nan alamar rashin zama daram ce, ko wuta mai rawa. Akwai UPS, batirin da ke riƙe wuta, a kan sabar?

Mai tambaya: Babu, kai tsaye take kan janareta. In ya sake ɗaukewa ana tsakiyar aiki fa?

Amsa ta farko: Nemo adireshin katin da umarnin lspci, ka rubuta 1 cikin fayil ɗin remove nasa a /sys/bus/pci/devices, sannan 1 cikin /sys/bus/pci/rescan. Sau da yawa yakan dawo. Amma a gaban sabar za ka yi, ba daga nesa ta SSH ba, don sadarwar za ta yanke. Kuma ka lallaɓi yayanka ya sayi UPS ɗin nan.